Ranar Da Na Haɗa Wa Baƙi Salak A Illo

Tun ranar da shugabannin ƙungiya suka yi shelar cewa kowa ya kawo abin da za a buga a wannan fitowa nake ta saƙa da warwara. Na san akwai masu kawo nazarin waƙoƙin fada, akwai masu kawo rikicin nahawu, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai bai wuce labarin wani kwanon salak ba. Watakila mai karatu ya ce, duk abubuwan da ke damun jama'a a rasa na ɓata takarda a kansa sai ganye da kankana? Gaskiyarka. Amma ka daure ka bi ni, domin a dalilin kwanon nan na yi wa mahaifiyata abin da har yau in na tuna sai kunya ta lulluɓe ni.

Ni mutumin Illo ne. In na faɗi haka a nan jami'a sai a ce, “Illela?” In ce a'a, Illo. Illela tana arewa da Sakkwato, bakin iyakar Nijar. Illo kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kabi, a ƙetaren Kwara, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, wadda tsofaffinmu ba su daina kira Dahome ba, ko da yake tun 1975 aka sake mata suna. Garin yana ɗaya daga cikin manyan garuruwa uku na ƙasar Bargu, watau Busa da Nikki da Illo, waɗanda labarin kaka da kakanni ke cewa zuriyar Kisira ce ta kafa su. Sa'ad da Ingila da Faransa suka raba Bargu a takarda cikin 1898, sai Nikki ta faɗa hannun Faransa, mu da Busa muka faɗa hannun Ingila, daga baya kuma Turawa suka yanke Illo suka haɗa ta da Gwandu. Fataken goro masu zuwa Gwanja ta wajenmu sukan ƙetare kogi, kuma a gidanmu ana cewa kakannin mahaifina cikin irin wannan ayari suka zo suka yada zango, zangon da ba su tashi ba har yau. Mahaifiyata kuwa 'yar asalin gari ce, Busanci ta tsotsa. Saboda haka ran kasuwa za ka ji Hausa da Busanci da Dandanci da Zabarmanci da Fillanci, kai har da Faransancin 'yan ƙetare, kuma da naira da sefa duk kuɗi ne.

To, cikin bazarar 2024 wani malaminmu mai sha'awar harsunan bakin Kwara ya shirya tafiya da ɗalibai 6 don su tattara kalmomi daga bakin tsofaffi a wajajen Bagudo da Ka'oje da Illo. Da ya ji ni ɗan can ne sai ya ce ranar da suka iso garinmu a gidanmu za su ci abincin rana. Na ce, “Ai gida naku ne, Malam,” ina murmushi, alhali kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Cikin ɗaliban nan akwai 'yan birni, na Kano da na Kaduna, waɗanda in ana hira sai ka ji suna kiran sunayen abinci irin wanda ban taɓa ji ba. Akwai kuma wata guda ɗaya wadda ba zan ce komai a kanta ba a nan. Shekara uku muna tare da su, ban taɓa yi musu ƙarya game da gidanmu ba, amma fa ban taɓa gaya musu gaskiya ba.

Na riga su tafiya da kwana 3. Baba bai ɗauki abin da wasa ba, domin a wurinsa baƙonka Annabinka, balle malamin ɗansa. Ya sa aka kama zabi 4, ya yi magana da wani masunci a ajiye masa giwan ruwa, aka ce za a tuƙa tuwon shinkafa, a dama fura da nono. Duk mai hankali ya san wannan liyafa ta isa. Ni kuwa sai na ga da saura. Na taɓa halartar wata walima a wani otal a Sakkwato inda na ga an jera manyan farantai na salak, na kuma ga hoton wani a waya wanda aka ce Turawa ke yi wa baƙi lokacin zafinsu: ga ganye, ga kokwamba, ga kankana, ga tuffa da inabi, an malala musu farin kirim a kai. Na ce a raina wannan shi zai nuna wa baƙi cewa gidan nan akwai wanda ya yi boko. Tun a hanya na tsaya a Birnin Kabi na sayi tuffa 6, da ɗan inabi a leda, da waken gwangwani 2, da kwalbar kirim ɗin salak. Kuɗin da na kashe su ne ya kamata su kai ni ƙarshen wata a makaranta.

Bari in ɗan ratse. Lokacin zafin Turawa yana faɗawa ne daidai da daminarmu, kuma shi ne lokacin da lambunansu ke cika. Namu lissafin daban ne. Salak da karas da kabeji suna son sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu ake samun masu kyau. In bazara ta kankama sai salak ya yi tsawo ya fid da kai, ganyensa ya yi ɗaci. Abin da bazara ke da shi shi ne mangwaro da kankana da gwanda da albasar da aka riga aka cire aka adana. Duk wannan na san shi tun ina yaro mai korar tsuntsaye a fadama, amma hoton waya ya mantar da ni.

Yanzu sai maganar Inna. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma yawan yi mini magana kai tsaye, sai dai ta bi ta bakin ƙanwata. Sana'arta datu. Abin da Kanawa ke kira kwaɗo shi muke kira datu, Zabarmawa kuwa su ce kopto. Takan dafa zogale ta matse shi sarai, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa da tumatir, ta ɗiga ɗan man gyaɗa, ta cuɗa da hannu. Ran da ba zogale ta yi na rama ko tafasa ko yaɗiya. Da kuɗin datun nan aka sayi littattafaina na firamare, da shi aka cika kuɗin jarrabawar shiga jami'a a shekarar da ruwa ya ci shinkafar Baba. Ana gobe baƙi za su zo, da la'asar, na shigo gida na tarar ƙanwata ta tsinko zogale cike da kwando, Inna na zaune tana tsincewa. Na tambayi ƙanwata na mene ne, ta ce na baƙi ne. Sai na durƙusa na ce, “Inna, don Allah gobe a bar datun nan. Baƙin nan manyan mutane ne, ba irin abincinsu ba ne. Ni zan haɗa musu salak.”

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, “To.” Ta ture kwandon gefe. Ni kuwa na tashi ina jin na yi maganin wata matsala.

Washegari da aka sallame asuba na ja ƙanena muka nufi fadama. Duk wanda bai ga fadamar Kwara da rani ba sai ya zaci ƙasarmu ƙura ce kawai. Daga kan tudu komai ya bushe ƙurmus, amma kana gangarawa sai ka ji ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina, ga shinkafar rani kore shar, ga fangalin tattasai da tumatir, ga kankana kwance cikin yabanya kamar an zubar. Wani abokin Baba ya ba mu kankana 3 ya ƙi karɓar ko kwabo. Muka sayi kokwamba da gurji da tumatir da lemun tsami, muka tsinko gwanda 2. Salak kuwa sai da muka zaga lambu huɗu kana muka sami ragowar wani fangali, duk ya tsufa. Mai lambun ya ce, “Ɗan Malam, wanga ya wuce ci, iri nika jira.” Na ce ya dai ba ni hakanan.

Kafin ƙarfe 8 na safe na gama komai. Na shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, ƙannena sun kewaye ni suna dariyar namiji da wuƙar yanka kuɓewa. Na ɗauraye kayan sau ɗaya a baho da ruwan rijiya, na yayyanka su ƙanana, da ganyen da kankanar da tuffar da tumatirin, duk na tara a babbar fanteka. Na barbaɗa gishiri da hannu sake, na juye wake, na kwarara kirim har kwalbar ta ƙare, na juya da ludayi. Wallahi a wannan lokaci abin ya yi kyau, har na ɗauki hotonsa. Na rufe da murfi na kai ɗakina na ajiye don kada ƙuda ya taɓa. Ɗakin nan kuwa rufin kwano ne, gidanmu kuma ba firiji. Wanda ya san ƙarshen Afrilu a ƙasar Kabi ya san zafi kan haura digiri 40 da rana, na wannan shekara kuwa har tsofaffi sun yi ta magana a kansa.

An yi da baƙi za su iso da ƙarfe 12. Wajen 11 Malam ya bugo waya ya ce sun tsaya wurin wani tsoho bayan sun ƙetare gadar Tuga, hira ta yi daɗi, sai bayan azahar. Na ce ba komai. Da rana ta take tsaka na ce bari in leƙa abina. Ina ɗaga murfi sai wani tsami ya buge ni. Abin da na gani ba salak ba ne, wani ruwa ne ja-ja fari-fari, ganye ya yi laƙwas yana iyo a ciki, tuffar da na kashe wa kuɗi ta yi baƙi-baƙi, kirim ya tsinke ya yi gudaji, har 'yan kumfa na tasowa a gefe. Na tsaya riƙe da murfi kamar wanda aka dasa.

Daga baya wani abokina mai karatun kimiyyar abinci ya warware mini abin da ya faru, yana yi yana dariya. Kankana da kokwamba fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu ruwa ne, gishiri kuwa aikinsa ke nan ya tsotso ruwa daga duk abin da ya taɓa, don haka tun da na barbaɗa shi na fara dama kunu. Tuffa in an yanka ta iska ta taɓa ta sai ta rine, sai fa in an shafa mata lemun tsami. Uwa uba, 'ya'yan itace da aka yanka, ga zaƙi ga danshi ga ɗumi, babu abin da ƙwayoyin cuta ke so kamarsu. Ma'aikatan lafiya na cewa irin wannan abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi ma awa 1. Nawa ya yi awa 4 a ƙarƙashin kwano. Ga kuma wankin da na yi wa ganyen, wanda ba wanki ba ne. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 3,000, jiharmu ma ba ta tsira ba. Ka duba fa, da hancina bai yi aiki ba, da sai dai a ji labari ya bazu har Lolo da Tsamiya cewa malamin jami'a da ɗalibansa sun ci abinci a gidan wane an kwashe su zuwa asibiti. Da wane ido Baba zai shiga masallaci?

Allah da ikonsa, Gwaggo tana gidan. Ƙanwar Baba ce, tana aure a Malanbil, babban garin kasuwa na Benin da ke bakin Kwara yana kallon Gaya ta Nijar. Ta zo ƙaramar salla ta zauna jiran wani biki. Abin da na sani amma ban taɓa ba shi muhimmanci ba shi ne, Gwaggo ta fi shekara 20 tana sayar da salak da dare a bakin tasha, abin da su can suke kira salati, suna haɗa shi da dafaffen ƙwai da dankalin Turawa da dogon burodin nan nasu. Watau ina da gwanar sana'ar a tsakar gida, na tafi ina tambayar waya. Ƙanwata ce ta kai mata rahoto. Sai ga ta ta ɗaga labule, ta leƙa fanteka, ta toshe hanci da gefen mayafi.

“Wanga mi na na, ɗan boko? Kunu ka dama muna?”

Na ce, “Gwaggo, salak ne.”

Ta ce, “Allah shi sawwaƙe. Kak ka ba ko awaki. Tai ka gina rami ka rufe, ka wanke hannunka da sabulu ka iske ni.”

Da na dawo na tarar ta riga ta tara abin da ya rage: kankana 2 da ban fasa ba, gwanda 1, kokwamba da gurji kaɗan, tumatir, albasa, lemun tsami. Ta tura yara su kaɗo mangwaro daga bishiyar ƙofar gida, ta ce ba ta son lugub, ba ta son mai zare, a zaɓo wanda ya nuna amma yana da sauran ƙarfi. Sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, ta jefa ƙwaya guda cikin bahon ruwa, nan take ruwan ya rine kamar zoɓon da aka tsarma. Ta ce sunansa farmanganat, a kantin magani suke saye, kuma duk mai salati da ta san abin da take yi ba ta rabuwa da shi. Ta wanke kayan da ruwa tukuna, ta tsoma su ciki ɗungum ba tare da ta yanka ko ɗaya ba, har da kankanar da mangwaron. Na ce ai waɗannan ɓawonsu ba a ci. Ta ce, “Wuƙa fa? Ba ta bayan take bi ta shiga ciki ba?” Bayan kamar minti 15 ta tsame, ta ɗauraye da ruwan leda, ta baza a kan sabon faifai su tsane, domin a cewarta mai ba ya kama jiƙaƙƙen abu.

Kankana da gwanda kuwa ta naɗe su cikin jiƙaƙƙen buhun algarara ta tura ƙarƙashin randa inda iska ke bi. Wannan dabara ce da kowace tsohuwa ta sani: ruwa in yana bushewa yakan tafi da zafi. A kanta ne wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina tasa hikimar ta tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mun karanta labarinsa a sakandare, na ma amsa tambaya a kansa na ci, amma ran da na buƙaci abin sai na kai fantekata ƙarƙashin kwano.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Gwaggo ba ta yanka komai ba sai albasa. Ta yi mata siraran yanka, ta matse mata lemun tsami ta ajiye, wai don ya kashe mata yaji. Ta ɗauko wata kwalba ta wanke, ta zuba ruwan lemun tsami ludayi 1, man gyaɗa ludayi 3, gishiri, masoro, da tafarnuwa dakakkiya, ta toshe ta girgiza har ya yi kauri. Ta ce a can binega suke sawa, amma lemun tsami ya fi ƙamshi. Sauran kuwa sai an ji ƙarar mota. Ƙa'idarta guda biyu ce ta yi ta maimaita mini: ba a yanka sai baƙo ya iso, ba a sa gishiri sai baƙo ya zauna. Ta ƙara da cewa kankana da gwanda ba su shiga cikin mai, farantinsu daban, amma mangwaro mai ƙarfi yana da ɗan tsami, don haka yana zama lafiya da kokwamba da tumatir da albasa. Ban yarda da wannan ba sai da na ɗanɗana.

Can sai ta dubi faifan ta ce, “Mutum bakwai, ga mu da Yaya. Wanga ba ya isa. Ina ganye?”

Na ce na ƙarar da shi cikin na farko.

Ta ce, “Uwarka ta dafa zogala tun da asuba, na gani. Tai ka amso.”

Ashe Inna ba ta zubar da kwandon ba, ta dafa ne don matan gida da masu taya aiki. Na ce wa Gwaggo ta aiki ƙanwata mana. Ta dube ni, kallon da ya nuna mini labarin jiya ya riga ya iso kunnenta, ta ce, “Bakin da ya hana shi ka roƙo.”

Daga inda nake zuwa madafi bai fi taku 20 ba, amma na fi minti 5 ban kai ba. Na tarar da Inna tana dakan ƙuli-ƙuli, zufa na zuba, ga tukunyar tuwo na tafasa a gefe. Na durƙusa na ce, “Inna, wai Gwaggo ta ce ko za a sami zogalen nan.” Ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba. Sai da ta yi lugude kamar sau goma kana ta ce, ba da ni take ba, da turmin take, “Ai ba abincin manyan mutane ba ne.” Ban sami abin cewa ba. Ta ajiye taɓarya, ta wanke hannu, ta jawo ƙwarya, ta haɗa datun nan a gabana tun daga farko har ƙarshe, ta zuba a akushin Baba, ta ɗebi garin ƙuli a ɗan kwano ta ɗora a kai ta ce wa ƙanwata, “Ki ce da Gwaggonku ta barbaɗa wannan a nata.”

Baƙi sun iso wajen ƙarfe 2 da rabi, sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Kafin su gama gaisawa da Baba a zaure su yi salla, wuƙar Gwaggo ta gama aikinta. Aka shigo da tuwo da miyar kifi da zabi, ga akushin datu, ga babban tire na mangwaro da kokwamba da gurji da tumatir an barbaɗe shi da ƙuli, ga kankana da gwanda masu sanyi an matsa musu lemun tsami. Ba zan yi ƙarya in ce kowa ya yaba da komai ba. Ɗaya daga cikin 'yan Kano ko kallon ganye bai yi ba, kifi ya sa a gaba. Wani ya tambaya ko akwai kirim, na ce ya ƙare, wanda kuwa gaskiya ne. Wadda na ce ba zan yi maganarta ba ta ci kankana yanka 4. Tiren mangwaro dai an sharce shi tas. Malam kuwa ya jawo akushi gabansa, shi da Baba suka sa hannu.

Ana ci ana hira, irin ta malaman harshe da ba su iya barin kalma ta wuce lafiya. Malam ya ce ita kalmar salak daga Turanci muka aro ta, su ma Turawan aro suka yi, asalinta daga kalmar gishiri ce a Latinanci, watau abin da aka sa wa gishiri. Na sunkuyar da kai, domin ni na san abin da gishiri ya yi mini da safe. Wani ɗalibi, don ya faranta wa Baba rai, ya ce ai datu shi ne namu na gado, salak kuwa baƙo ne. Malam ya girgiza kai. Ya ce tumatir da barkono da gwanda da ita kanta gyaɗar ƙuli-ƙuli duk daga nahiyar Amurka suka zo, mangwaro daga Indiya, kai shi zogalen ma asalinsa Indiya ne. Ya ce in ana neman ɗan ƙasa a kan tabarmar nan sai dai a nuna kankana, ita ce 'yar Afirka. Baba ya yi dariya ya ce ashe duk fatake ne irin kakanninsa.

Da aka ɗauke kwanuka Malam ya tambayi wanda ya yi datun. Baba ya ce uwar ɗakinsa ce, kuma in Busanci suke nema ita ce Busanci. Malam ya nemi izini, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta ja mayafi. Ya gaishe ta, ya yi mata godiya, sa'an nan ya ɗauki reshen zogale da ya ragu a kwando ya tambaye ta sunansa da harshenta. Ta faɗa a hankali. Ya sa ta maimaita, ya rubuta. Ya tambayi rama, ya tambayi tafasa, da yaɗiya, da lalo, da kuka. Tun tana amsawa da kalma guda har ta saki jiki. Matar nan da ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo a gaban maza ba, sai ga ta tana bayanin wanda ake ci ɗanye da wanda sai an zubar da ruwan farko, da wanda ake ba mai jego, da wanda aka ci a shekarar yunwa, tana yi da Hausa, in ta ƙure mata ta koma Busanci. Ta fi awa guda, waya na ɗauka. Malam ya juyo ya gaya wa ɗalibai cewa Busanci da Bokanci da Kyanganci duk dangin harsunan Mande ne, watau 'yan'uwan Bambaranci na ƙasar Mali, ba su da dangantaka ta jini da Hausa ko kaɗan.

Ana cikin haka Inna ta yi wata doguwar magana da Busanci ta yi dariya, Gwaggo ma ta kama baki. Sai wadda ba na son ambata ta juyo ta ce mini, “Fassara mana, me ta ce?” Kowa ya zuba mini ido. Abin da nake ji a harshen bai wuce gaisuwa da “zo” da “tafi” ba. Ƙanwata, 'yar shekara 12, ita ta fassara: wai Inna ta ce akwai wani ganye da ke fitowa a kan juji, kowa na raina shi, amma shi ke riƙe gida kafin hatsi ya nuna. Aka yi dariya, aka rubuta sunan ganyen. Malam ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba.

Sun tafi da la'asar sakaliya don su kwana a Bagudo. Da dare na sami tuffa guda da ta gangara bayan jakata, na ba yara, suka raba ta shida, ƙaramin ya ce mangwaro ya fi. Na yi niyyar ba Inna haƙuri a daren, na je har bakin ƙofa, na ce, “Inna, game da maganar jiya.” Ta ce wa ƙanwata ta tambaye ni ko an mayar wa maƙwabta tirensu.

Ran da zan koma makaranta, na ɗaura jaka a bayan babur ɗin da zai kai ni tasha, sai ga ƙanwata da gudu riƙe da leda biyu, ɗaya busasshen zogale, ɗaya ƙuli-ƙuli. Na miƙa hannu ina cewa a yi wa Inna godiya. Ta ce, “Ta ce ba naka ba ne, na Malam ne. Ta ce kuma ka gaya masa ta tuno sunaye uku da ta manta ran nan.” Na ce to, mene ne sunayen? Ta faɗa, na kasa kamawa. Na sauko daga babur, na buɗe jaka na ciro biro da littafi, na ce ta sake faɗa a hankali. Mai babur yana ta danna ham.